Yatsan Yaya da kwalaben homiyofati: laifina a ciki

Kwana biyu ina ta cin karo da tallar masu maganin homiyofati a nan Facebook da TikTok, har da wani mai rantsuwa wai cikin mako biyu zai wanke maka yurik asid daga jini tas. Na so in yi shiru, amma abin ya ƙi ni, don ni ma na taɓa tallata irin wannan magani kyauta, kuma ɗan'uwana ne ya biya kuɗin.

Yayana ɗan kasuwa ne, ya haura hamsin, yana da hawan jini, kuma mutum ne da ba ya wasa da nama. Shekara biyu da suka wuce, dare na uku bayan Babbar Sallah, matarsa ta kira ni wajen ƙarfe uku. Na tarar da shi zaune bakin gado yana haɗa gumi, babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jawur yana sheƙi. Ko zanin gado ya taɓa wurin sai ya yi salati. Na ce, "Yaya, ko tuntuɓe ka yi?" Ya ce wallahi lafiya lau ya kwanta. Kwana uku kenan yana kan hanta da ƙoda da tumbi, yana korawa da lemon kwalba mai sanyi, amma ba wanda ya kawo wannan a ransa. Inna ta ce sanyi ne. Wata maƙwabciya ta ce ya taka wani abu a ƙofar shago. Mai kemis ya yi masa allurar diklofenak, ciwo ya lafa, muka manta.

Bayan wata huɗu ya dawo. A nan ne na shigo da nawa. Wani abokina ya turo min bidiyon wani mai homiyofati da aka ce a Indiya ya yi karatu, ni da kaina na ɗauki Yaya na kai shi. Zan faɗi gaskiya a kan mutumin nan: ya zauna da Yaya kusan minti arba'in. Ya tambaye shi barcinsa, da abin da yake so ya ci, da ko ciwon ya fi tsanani da dare, har da ko yana yawan fushi. Yaya ya fito yana cewa tunda yake zuwa asibiti ba a taɓa sauraronsa haka ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Aka ba shi 'yan kwalabe cike da fararen ƙwayoyi kamar gero, masu zaƙi, a jikin ɗaya an rubuta Colchicum 30C. Kwana takwas yana tsotsa, kumburi ya sace, ya sa takalmi ya koma kasuwa. Ranar na tura lambar mutumin a guruf ɗin danginmu na WhatsApp, har da rubuta "mun gwada mun gani".

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ciwon gawut haka yake. Idan ya taso, ko ba ka sha komai ba yakan kwanta da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai ya yi shiru na watanni. Don haka duk abin da ka sha a kwanakin nan shi zai kwashi yabo, ko rubutu ne, ko saiwa, ko ruwan randa. Shi kuwa sinadarin yurik asid yana nan a jini bai je ko'ina ba. Jiki ne ke samar da shi, wani daga abinci irin su kayan ciki da jan nama da kifin gwangwani da giya da lemuka masu sukari, wani daga aikin jikin da kansa, kuma ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku ta fitsari. Idan ya haura wajen 6.8 a ma'aunin da ake rubutawa mg/dL, sai ya fara daskarewa ya zama 'yan tsinkaye kamar allura a cikin gaɓa. Su ne ke tayar da wannan azaba.

Da yawa cikinmu muna ɗaukar homiyofati kamar maganin gargajiya ne aka zuba a kwalba. Ba haka ba ne. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya fito da shi a 1796, a kan ra'ayin cewa abin da ke jawo alamun ciwo ga mai lafiya, shi zai warkar da mai irin ciwon idan an tsarma shi sosai. A zamaninsa likitocin Turai zubar wa marar lafiya jini suke yi su ɗura masa guba da sunan magani, to wanda aka ba shi ruwa aka bar shi ya huta dole ya fi tsira. Ban ga laifinsa a nan ba. Matsalar tana cikin tsarmin. Ma'anar 30C ita ce: a ɗauki ɗigo ɗaya na ruwan ganye a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa a girgiza, a ɗauki ɗigo ɗaya daga wannan a sake zubawa cikin wasu 99, haka har sau 30. Masu lissafin kimiyya sun nuna tun daga wajen zagaye na 12 da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta ganyen da ta rage. Sauran zagaye 18 ruwa ake tsarmawa da ruwa. Sai a ɗiga shi kan ƙwayar sukari. Abin da Yaya ke tsotsa kenan.

Abin da ya fi ba ni haushi, shi wannan Colchicum ɗin tsiro ne na gaske, daga gare shi ake samun kolcisin, maganin da likitocin asibiti ke bayarwa idan gawut ya taso, kuma yana aiki. Wato an rubuta sunan maganin gaskiya a kwalbar da aka riga aka wanke shi daga ciki. Kada kuma wani ya ce bari ya nemo tsiron ya jiƙa, guba ne mai kisa, shi ya sa ko a asibiti aunawa ake yi.

Na san za a ce min ai a Indiya gwamnati ta yarda da shi. Haka ne, suna da kwalejojinsa, kuma tun 2014 akwai ma'aikatar AYUSH da ke kula da shi tare da sauran hanyoyinsu na gargajiya. Amma a 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta bi nazarce-nazarcen da aka yi, ta ce ba ta ga wata cuta da ke da ingantacciyar hujjar cewa homiyofati na maganinta ba. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ba da shawarar likitocinta su daina rubuta shi. Faransa, inda ake shansa ba kaɗan ba, ta daina biya wa mutane kuɗinsa daga inshorar gwamnati tun farkon 2021.

Mu dai shekara ɗaya da rabi muka yi a haka. Ciwo ya taso, a karɓo kwalba, ya kwanta, a yi godiya. Idan ya yi tsanani Yaya ya ɓoye ya sha diklofenak, don ba ya so a ce maganin nasa ya gaza. Daga yatsa ya hau idon sawu, daga nan gwiwa, sai ga wani ƙullutu mai tauri a gwiwar hannu. Sallah a kan kujera. Ranar da muka je asibiti aka auna jini, yurik asid 9.6, kuma likita ta ce ƙodarsa ta fara gajiya. Ta lissafa masa: hawan jini, ga magungunan kashe zafi da ya daɗe yana sha, ga sinadarin da aka bari ya taru. Ta kuma gano ɗaya daga magungunan hawan jininsa, mai sa yawan fitsari, yana cikin masu ɗaga yurik asid, ta canza masa. A cikin minti arba'in ɗin can ba wanda ya ce ya kawo katin magungunansa a gani.

Ta ɗora shi kan alofurinol, ƙaramin awo da farko ana ƙarawa a hankali, da sharaɗin in ya ga ƙuraje a jiki ya dakata ya dawo nan take. Mako na uku ciwo ya taso. Yaya ya kira ni rai a ɓace: "Ka ga maganin asibitin naka ko? Shi ya tayar min da shi." Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ai ta faɗa mana hakan na iya faruwa, tsinkayen ne suka fara narkewa." Da ƙyar da siɗin goshi ya ci gaba. Ina ganin a daidai wannan gaɓar ake rasa mutane da yawa, su koma wajen mai kwalba suna cewa asibiti ya ƙara musu ciwo.

Wani abu kuma game da masu tallar nan. Suna tsorata mutane da takardar gwaji, da an ga lamba ta ɗan haura sai a ce maza ka sayi kwas na wata uku. Alhali mutane da yawa suna da yurik asid mai ɗan yawa ba su taɓa ciwon gaɓa ba, kuma galibi likita ba ya ba irinsu maganin rage shi, sai dai ya duba ƙoda da hawan jini da sukari da ƙiba, ya ce a gyara ci da sha. Shi kuwa wanda gawut ke yawan taso masa, ƙauracewa nama kaɗai ba kasafai take sauko da lambar ƙasa da 6 ba, wadda ita ake nema.

Gwajin Yaya na ƙarshe 5.8. Wata bakwai kenan bai kwana zaune ba. Sallar bana hantar ragonsa maƙwabta ya aika wa, yana mita. Har gobe in aka tayar da zancen cewa yake ƙwayoyin nan sun yi masa aiki a lokacinsu, ni kuma ba na jayayya da shi, yayana ne.

Jiya na je goge lambar da na tura a guruf, na tarar ba ta goguwa, lokaci ya wuce. Na bi sunaye ina kira ɗaya bayan ɗaya, ashe wani kawunmu ya kwafe ta tun bara, kwalba ta biyar yake sha. Ranar Litinin in sha Allahu ni zan kai shi a auna masa jini da ƙoda, in ya yarda ya shiga motar.