Hutun Damina a Gungayen Yauri

Wannan mako ina so in ba ku labarin wata tafiya da na yi a hutun damina, domin na koyo wani abu a can wanda ba a koya mini a kwalejin horon malamai ba.

Sa'ad da mu ke kwaleji, mun karanta yadda Turawa su ke yin hutunsu. In lokacin zafi ya zo musu, wajen watan Yuli da Agusta, sai maigida ya kwashi iyalinsa su shiga ƙaramin jirgi mai ƙyalle wanda iska ke turawa, su yi ta yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan. A bakin tekun birnin Stockholm na ƙasar Suwidin kaɗai akwai tsibirai wajen 30,000, manya da ƙanana. Ni kuwa 'yar Garbadu ce, 'yar tudu. Babban ruwan da na sani shi ne na madatsar Bakolori da aka gama a 1978, shi ma daga baki na ke tsayawa in kalla. Sai na ɗauka irin wannan yawo sai Turawa. Ashe muna da namu tsibirai, ban sani ba.

Ina da gwaggo da ke aure a Yauri, mijinta fataucin busasshen kifi ya ke yi. Da aka ba mu dogon hutu a watan Agusta, Baba ya yardar mini in je in gaishe ta, tare da ƙanwata mai shekara 12. Muka hau mota daga Talata Mafara zuwa Sakkwato, daga nan muka bi ta Tambuwal da Jega da Koko, sai Yauri. Ku 'yan makaranta ku duba taswira. Gulbin Sakkwato da ya ratsa ƙasarmu ya kan haɗu da Rima, su bi ta Argungu da Birnin Kebbi, su faɗa Kwara. Watau ruwan da mu ke noman rani da shi a gida, shi ne na je na tarar a ƙofar gidan Gwaggo.

Kai, gani ya kori ji! A Yauri, Kwara ta yi faɗi ƙwarai, gama nan ne bakin tafkin Kainji ta arewa. An gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya yi tafki mai tsawon fiye da mil 80. Ya cinye garuruwa da gungaye masu yawa, aka ta da mutum wajen 44,000 aka sake musu mazauni. Tsohon garin Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka cikin ruwa a 1806, yana ƙarƙashin tafkin yanzu. Tsibiri shi a ke kira gungu a can, mazaunansa kuwa Gungawa, ko da ya ke su Reshe su ke kiran kansu, suna da harshensu dabam. Sun shahara da su da noman albasa.

Ran nan aka gayyaci Gwaggo suna a wani gungu, wajen dangin mijinta. Muka fita da sassafe cikin kwalekwale mai inji, mu goma sha ɗaya. Ruwa kwance lumui, iska mai sanyi tana kaɗawa, masunta suna jan taru. Muka ratse wani gungu inda mata ke ƙyafe kifi, na ga giwan ruwa da ya kusa kai tsawon ƙanwata. Muka ratse wani muka sauke buhun gishiri. Na ga yarinya ƙarama, ba ta fi shekara takwas ba, tana tuƙa kwalekwale ita kaɗai kamar yadda namu ke kora jaki. Kafin hantsi mun isa gidan suna. Aka karɓe mu hannu biyu, muka ci tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi har muka ture. Wallahi ban taɓa jin daɗin tafiya kamar wannan ba.

To, ga inda labarin ya ke. Da la'asar sakaliya muka yi sallama muka zo bakin ruwa. Jirgin da ya kawo mu ya riga ya koma, sai wani babba da ya taso daga kasuwa. An loda masa buhunan shinkafa, da babura biyu, da tumaki, ga mutane a kan kaya kamar tattabaru. Muka biya muka shiga. Da na zauna na sa hannuna a gefen jirgin, sai na ga tsakanin bakinsa da ruwa bai fi yatsa huɗu ba. Na ɗaga kai, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ba wanda ke sanye da rigar ruwa, ko ɗaya ban gani cikin jirgin ba.

Gabana ya faɗi, amma na yi shiru. Me ya rufe mini baki? Kunya. Na ce a raina, ni baƙuwa, mace, budurwa, ina ni ina gyara wa masu ruwa sana'arsu? Kuma ga Gwaggo tana sauri ta koma ta ɗora girkin maigida. Ni da ke tsayawa gaban yara 60 ina koya musu tsabta da kiyaye lafiya, sai ga ni na kasa buɗe baki a kan raina da na ƙanwata.

Muna nan sai wata tsohuwa 'yar gungun, wadda ta shiga kafin mu, ta miƙe ta ɗauki ƙullinta ta fita. Yaron jirgi ya ce, "Iya, ina zuwa?" Ta ce, "Ɗana, a cikin ruwan nan aka haife ni, a cikinsa na tsufa. Wannan lodi da wancan hadari ba su haɗuwa da ni." Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, kin iya iyo?" Na ce, "A'a, Iya." Ta ce, "Yarinyar nan fa?" Na ce ita ma ba ta iya ba. Ba ta ƙara cewa kome ba, ta hau tudu abinta.

Nan na kama hannun ƙanwata na ce, "Gwaggo, ki yi mini haƙuri, mu sauka." Ta ce, "Haba 'yar nan, kullum haka mu ke shiga!" Na ce, "Baba amana ya ba ni, ba ni da abin da zan gaya masa." Ta yi tsaki, amma ta biyo mu. Jirgi duk ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Malama 'yar tudu ta ji tsoro!" Mai jirgi ya hana mu kuɗinmu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Muka koma gidan suna muka kwana, ruwa da iska suka yi ta yi har tsakar dare.

Kada ku zaci zan ce muku jirgin ya nutse. Allah ya kiyaye, ya isa bayan lisha. Amma wata maƙwabciyar Gwaggo da ke ciki ta gaya mana sai da aka jefar da buhu huɗu cikin ruwa, mata suna kwarfar ruwa da ƙorai suna salati, yara suna ihu. Duk da haka mijin Gwaggo bai daina yi mini ba'a ba har na dawo gida. Ban damu ba. Jirgin da ya tsira yau da irin wannan lodi, ba dabarar kowa ba ce ta fisshe shi.

Ku tuna abin da ya faru kusa da Warra, ƙasar Ngaski, cikin wannan ruwa, a watan Mayu 2021: jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, kaɗan suka tsira, cikin mamatan akwai mata da yara da yawa. A jiharmu ma, a watan Satumba 2024, jirgi ya kife da manoma a Gummi, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Abubuwan da ke kawo wannan sanannu ne: yawan lodi, da tsufan jirgi, da tafiyar dare ko cikin hadari, da kututturan itatuwan da tafki ya rufe waɗanda ba a gani. Mu mata kuwa mu ne abin ya fi ci, gama yawancinmu ba mu iya iyo ba, ga zane yana naɗe ƙafa, ga goyo a baya.

Saboda haka ga abin da na ke roƙonku, ko a Yauri ne, ko a Bakolori, ko wajen ƙetare gulbi zuwa gona. Kafin ki shiga, dubi bakin jirgi da ruwa, ki dubi sama. Ki tambayi rigar ruwa, ki ɗaure ta sosai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai hedkwata a Lokoja, ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare, saboda haka ba rashin kunya ki ka yi ba in kin tambaya. Ki sauke goyo ki riƙe shi a gaba. Ki zauna, kada ki miƙe ko jirgi ya girgiza, gama in mutane suka ruga gefe guda nan take ya ke kifewa. In kuwa hankalinki bai kwanta ba, ki fita, ko da an hana ki kuɗinki, ko da an yi miki dariya. Kunya ado ce ga mace a wurinta, amma ba ta fid da kowa daga ruwa.

Ban faɗi wannan don in hana ku tafiya ba. In Allah ya kai mu hutu mai zuwa zan koma, har na sayi rigunan ruwa biyu na ajiye, ta uku kuwa tsarabar Gwaggo ce. Wadda ta sami dama ta je ta ga gungayen nan, ƙasarmu ce, tana da kyau ƙwarai. Allah ya kai mu lafiya ya komo da mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.