Zane ma magana ne

Birnin Ƙwanni babban gari ne a jihar Tawa, kusa da iyakar Najeriya. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta ratsa ta cikinsa. Ran Laraba kasuwa take ci, mutanen ƙauyuka su cika gari.

Wani yaro ɗan Tajaye ya raka kakarsa can, za ta sayi maganin ido. Shi ɗan makaranta ne, yana karanta Hausa da Faransanci. Kaka kuwa ko harafi ɗaya na boko ba ta sani ba. Saboda haka yaron ya ɗauka shi ne zai yi mata jagora.

Da suka sauka tasha, sai idonsa ya rasa inda zai tsaya. Ko'ina zane ne. A ƙofar mai aski an zana kawunan maza huɗu, kowane da irin askinsa. A bangon tela an zana keken ɗinki da almakashi. Mai gyaran babur bai rubuta komai ba, tsohuwar taya kawai ya rataye. Manyan motoci ɗauke da albasar Galmi da simintin Malbaza suna wucewa. A bayan wata an zana zaki, a bayan wata dabino da jinjirin wata, a ƙasa an rubuta: «Allah ya kiyaye.»

Yaron ya tsaya yana haɗa haruffan wani allo. Kafin ya gama, Kaka ta yi gaba.

«Kaka, dakata! Ban karanta ba tukuna.»

«To, maigida, yi ta karatunka. Ni dai ga gidan magani can.»

Ta nuna wata alama tsanwa mai kama da alamar tarawa ta lissafi. Gidan magani ne kuwa. Kunya ta kama yaron.

Daga nan ya shiga duba gari da idon Kaka. Ya gane cewa mai zanen allo yana yi wa mutum biyu aiki: wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba. Kuma zane ba ya zaɓen harshe. Bahaushe da Buzu da Bafillace da baƙo daga Sakkwato, duk wanda ya ga almakashi ya san tela ne. Tutar Nijar ma haka take. Tun 1959 take da launi uku, ruwan goro da fari da tsanwa, da da'ira a tsakiya. Babu rubutu a jikinta, amma kowa ya san ta.

A kasuwa suka iske masu atamfa, da dukawa masu jakunkunan fata, da maƙeran azurfa. A gaban wata babbar riga yaron ya ga dagi, zanen nan da ya sarƙe ba a ganin farkonsa. Ya tuna ya taɓa ganin irinsa a bangon wani zaure. Can gefe ana sayar da faya-faye na rinanniyar kaba, ja da baƙi, irin waɗanda Kaka take saƙawa a gida. Da can bai ɗauke su bakin komai ba. Ranar ya ga mutanen birni suna taya su da kuɗi.

Da aka koma makaranta, ya ba malam labari. Malam ya ce gwanintar hannu ba a birni kaɗai take ba. A ƙauyen Yama, cikin yankin Illela, wani magini, Falke Barmu, ya gina masallacin Juma'a da laka a 1962. Daga baya ya ƙara masa hasumiya huɗu, kowace da siffarta. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba gine-gine masu kyau na duniyar Musulmi.

Yanzu idan an tashi makaranta, yaron yakan zauna kusa da Kaka. Ita tana koya masa jera launi a faifai, shi kuma yana koya mata haruffan sunanta.

Tambayoyi

1. Yaya Kaka ta gane gidan magani?
2. Waɗanne zane-zane kuke gani a garinku?
3. Ku zana alamar sana'a ɗaya ba tare da rubutu ba.