Fim Ɗin Chitti Na Biyu: Gardamar Da Ta Raba Ajinmu, Ta Kai Mu Gona

Duk mai kallon fina-finan Indiya ya san kashi na biyu yakan zo da rigima. Na farko ya shiga rai har an haddace shi, a yi shekara da shekaru ana jiran ci gabansa. Ranar da ya fito kuwa, wasu su ce ya fi, wasu su ce da ma ba a yi ba. Mu ɗaliban wata makarantar kwana ne a Tambuwal. An tattaro mu daga cikin gari da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, wasunmu kuma daga Kebbe da Kuchi. Fim ɗin da ya yi mana haka shi ne 2.0, ci gaban Enthiran, wanda muka fi sani da Robot ko kuma fim ɗin Chitti. Waya ba ta shiga makaranta, don haka kowa a gida ya kalle shi lokacin hutu, bayan ya kai katin memori wajen masu tura fim. Da aka dawo ne kowa ya zo da nasa hukuncin.

Bari mu tuna wa wanda ya manta. Enthiran ya fito a shekarar 2010. Darakta S. Shankar ne ya shirya shi da harshen Tamil, Rajinikanth kuma ya fito a matsayi biyu: Dakta Vaseegaran masanin kimiyya, da Chitti, mutum-mutumin da ya ƙera da kamanninsa. Chitti ya iya karatu, ya iya faɗa, ya iya rawa, amma bai san ya kamata ba. Akwai wurin da gobara ta tashi, ya ceto wata yarinya daga wurin wanka, ya dire ta gaban jama'a babu tufafi a jikinta. Kunya ta sa ta ruga da gudu, mota ta buge ta. Daga nan Dakta ya koya masa ji irin na ɗan Adam, sai ga shi ya kamu da son Sana, budurwar maigidansa, wato Aishwarya Rai. Da abin ya yi tsami Dakta ya sassara shi ya zubar a bola, Dakta Bohra ya tsince shi ya sa masa jan cip, ya koma mugu. A ƙarshe Chitti da hannunsa ya kwance kansa gunduwa-gunduwa.

Shi kuwa 2.0 ya fito ranar 29 ga Nuwamba, 2018, kuma a lokacin babu fim ɗin Indiya da ya kai shi cin kuɗi. A birnin Chennai wayoyi suka riƙa fizgewa daga hannun mutane suna tashi sama, suka haɗu suka zama wani ƙaton tsuntsu. Aka kashe wani dillalin waya, da mai kamfanin sadarwa, da ministan sadarwa. Mai wannan aika-aikar shi ne Pakshi Rajan, wanda Akshay Kumar ya fito a matsayinsa. Masanin tsuntsaye ne da ya yi imanin cewa ƙarfen sabis ne ke kashe masa tsuntsaye. Ya kai kuka ga hukuma ba a saurare shi ba, ya hallaka kansa a jikin ƙarfen, kurwarsa ta dawo ɗaukar fansa. Dole aka sake haɗa Chitti don ya tare shi.

Ɓangaren farko a ajinmu, waɗanda ke kiran kansu 'yan Chitti na asali, sun ce an cuce su. A ganinsu na farko labari ne na zuciya: ƙarfe ya koyi so, ya koyi kishi, ya koyi ƙarya, mai kallo kuma yana tambayar kansa ko laifin ƙarfen ne ko na wanda ya koya masa. A na biyu kuwa Chitti ya zama kamar ɗan kwangila, an kira shi ya yi faɗa ya tafi. Sana ba ta fito ba sam, sai dai a waya, kuma Nila, mutum-mutumin da Amy Jackson ta fito a matsayinta, ba ta cike gurbin ba. Babban ƙorafinsu dai shi ne maganar kurwa. Suka ce an yi musu alkawarin fim ɗin kimiyya, aka kawo musu na fatalwa, aka lulluɓe shi da manyan kalmomi. Faɗan ƙarshe a filin ƙwallo kuma ya yi tsawo har ya koma kamar wasan gem.

Ɗaya ɓangaren suka ce ai na farkon ne ba shi da sabon abu. Cire ƙarfen ka gani, me ya rage? Maza biyu suna son mace ɗaya, abin da Indiya ta daɗe tana sayar mana. Na biyu kuwa ya taɓo abin da ke cikin aljihun kowa. Sun ce ba su taɓa kallon fim ɗin da suka tausaya wa bos kamar wannan ba, musamman wurin da aka nuna tsoho yana tsintar gawar tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya yana binnewa. Suka kuma ja hankalinmu ga yadda aka ci shi da yaƙi: ƙananan mutum-mutumi ne suka hau bayan tattabaru, aka yi masa barazanar kashe su idan bai saduda ba. To wanda aka kayar da shi saboda tausayinsa, shi ne mugu, ko wanda ya yi garkuwa da tattabaru?

Da a nan aka tsaya, da gardama ce irin ta kowane fim, a yi ta har a kaɗa ƙararrawar kwanciya. Wani ɗan Kebbe ne ya juya ta. Ya daɗe yana saurare, sannan ya ce: “Wanga mai tsuntsaye bai taɓa gadin shinkahwa ba. In da ƙarhen sabis na kashe jan-baki, da tuni mun roƙi a kafa muna guda tsakiyar fadama.” Aka yi dariya, amma duk wanda gidansu ke noma ya san ba wasa yake yi ba. Idan shinkafa ko dawa ta fara nuna, yara kan wuni a gona tun asuba, ana kaɗa gwangwani, ana jan igiya, ana jifa da majajjawa, ana ihu har murya ta dishe. Jan-baki na cikin tsuntsayen daji mafiya yawa a duniya, kuma ana ƙiyasta kowane ɗaya yana cin kimanin giram 10 na hatsi a rana. Mun buga lissafin a allo. Garken miliyan ɗaya zai ci tan 10 ke nan a wuni guda, wato buhu 100 mai kilo 100. Wanda ya ga irin wannan garken ya rufe sama kamar hadari, ba zai kalli ƙaton tsuntsun 2.0 da idon wanda ke kiwon tattabaru a cikin gari ba. Abincin wani, gubar wani.

Haka ma maganar ƙarfen sabis. A fim shi ne tushen masifa. Mu kuwa mun san ƙauyukan da sai an hau tudu ko bishiya kafin a samu sabis. Muna kuma tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Masu 'yan'uwa a Gummi da Bukkuyum sun yi makonni ba su ji muryarsu ba, masu POS suka rasa ciniki, saƙo ya koma hannun direbobi. Wayoyi ba su tashi sama ba, amma sun zama kamar dutse a aljihu. Don haka idan fim ya ce a rage waya, sai wasunmu su ce a bari mu samu tukuna.

Da gardama ta ƙi ƙarewa muka kai ta gaban malaminmu na Fiziks, muka ce: “Malam, shin gaskiya ne ƙarfen sabis yana kashe tsuntsaye?” Bai ce mana ga fim ɗin da ya fi ba. Ya bayyana mana cewa abin da ƙarfen ke fitarwa dangin igiyar rediyo ne, ba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ba, wanda ke iya lalata ƙwayoyin halitta idan ya yi yawa. Ƙarfinsa kuma yana raguwa sosai da zarar an ɗan yi nisa. Ya ce babu tabbatacciyar hujja cewa shi ya ƙarar da tsuntsayen wani gari. Abin da aka tabbatar shi ne dogayen ƙarafuna masu fitila suna ruɗa tsuntsaye masu ƙaura da dare, su yi karo da su su mutu, kuma an ga haka da yawa a Amurka. Ya ce mu ɗaga kai mu duba, za mu ga hankaki sun yi sheƙa a jikin wasu ƙarafunan. Ya kuma gaya mana cewa tun kafin fim ɗin ya fito ƙungiyar kamfanonin waya ta Indiya ta kai ƙara wajen hukumar tace fina-finai, tana cewa ana tsorata jama'a babu dalili. Sai ya ƙara da cewa ita ma wannan ƙarar ba hujja ba ce, domin mai kaya ba ya kushe kayansa. Hujja sai an auna.

Malamin Bayoloji ne ya ba mu labarin da ya fi na fim ɗin ban tsoro, kuma a Indiyar ya faru. A shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka riƙa mutuwa, har fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu jinsuna suka ƙare. An yi zato iri-iri. Sai a 2004 masu bincike suka gano cewa wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, mai suna diclofenac, shi ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen dabbar. Indiya ta hana yi wa dabbobi shi a 2006. Da an kama abu na farko da aka zarga an tsaya a kansa, da har yau ungulu na mutuwa ana dukan wanda bai ji ba bai gani ba.

Nan ne kowa ya yi shiru, domin mu ma muna da tamu tambayar. Yaushe rabon da mu ga ungulu a kwata? Iyayenmu sun ce da can har korar su ake yi a kasuwa. A 2015 aka sanya irin ungulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma cikin dalilan akwai guba da farautar ta don sayar da sassan jikinta ga masu tsibbu. Gauraka, wanda ake kira tsuntsun ƙasa na Nijeriya, yawancinmu a hoto muka san shi. Manyan itatuwan da tsuntsaye ke kwana a kai, irin su tsamiya da gawo da marke, suna tafiya cikin buhunan gawayi da kan amalanken itace. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar ƙarfen sabis.

Ga masu cewa a kashe tsuntsaye kowa ya huta, akwai darasin ƙasar Sin. A 1958 gwamnatinsu ta sa jama'a su ƙarar da gwarare don suna cin hatsi. Aka kashe su bila adadin, sai ƙwari da fara suka samu sake, abin ya ƙara tsananta yunwar da ta biyo baya, har aka janye umarnin a 1960. Jan-baki ɓarna yake yi, wannan babu musu. Amma shamuwa fara take ci, belbela na bin shanu tana tsince ƙwari, ungulu kuma ita ce mai share mushe kafin ya zama cuta.

Har yau ba mu daidaita kan fim ɗin da ya fi ba, kuma ba ma jin za mu daidaita. Idan za a sake kallo don jin daɗi, yawancinmu Enthiran za su ɗauka. Amma abin da muka tsaya a kai shi ne 2.0 ya yi tambaya mai kyau, ina tsuntsaye suka tafi, sai dai ya yi gaggawar ba da amsa saboda amsar ta fi kyan gani a allo. Mai shirya fim yana da damar yin haka, aikinsa ke nan. Ɗalibi ba shi da wannan damar. Kuma idan abokinka ya ƙi fim ɗin da kake so, kafin ka ce bai gane ba, tambaye shi inda ya wuni lokacin hutu.

Mun yi shawarar kowa zai ware ɗan littafi a hutu mai zuwa. Za mu rubuta ranar da muka fara ganin shamuwa a garinmu da bishiyar da ta sauka a kai. Za mu zauna da kakanninmu su lissafo mana sunayen tsuntsayen da suka sani suna yara, mu sa alama a kan waɗanda har yanzu ake gani. Idan bazara ta yi zafi kuma, kasko ɗaya na ruwa a gindin bishiya ba zai talauta kowa ba. 'Yan'uwanmu ɗalibai na Yabo da Shagari da Gummi da Jega, ku ma ku gwada, ku aiko wa wannan fili abin da kuka samu. Ku haɗa da ra'ayinku kan wanda ya fi tsakanin Chitti na farko da na biyu, domin 'yan Kebbe sun ce sai an ƙirga ƙuri'a.