Mangwaron Dattijo a Anacha

A wani lungu kusa da Titin Bida, dab da babbar kasuwar Anacha, akwai wani dattijo Bakano mai cinikin albasa. Ya komo garin bayan ƙarewar yaƙin basasa a 1970, ya tarar wuta ta cinye kasuwa, ya kafa rumfa, kana ya dasa mangwaro a bakinta. A gindin mangwaron nan 'yan Arewa suka riƙa alwala, suna cin tuwo, suna karɓar saƙon gida, har fiye da shekara hamsin.

Ran nan, cikin watan Fabrairu, wani yaron shagonsa ya durƙusa ya ce, "Baba, itacen nan fa ya karkata wajen rumfuna."

Dattijo ya ɗaga kai, ya ga ganye kore shar, ga huda ta fito. Ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin matacce ya yi huda?"

To, a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Ruwan da itace ke sha ta sashen da ke kusa da ɓawo yake hawa, saboda haka ciki na iya ruɓewa sarai alhali ganye bai nuna kome ba. Shi ma dattijon ya san haka, ɗan manomi ne. Zuciya ce ba ta so.

Da asuba, kafin kowa ya fito, ya zagaya itacen shi kaɗai. Ya ga hanyar gara ta hau jikinsa. Ya ga rassan ƙoli sun bushe. Ƙasa ta tsage, ta ɗan ɗago ta gefen da itacen ya ba baya, watau saiwa ta fara saki, kuma daidai nan ne aka datse manyan saiwoyi sa'ad da ake haƙa kwata. Ya buga gindin da ƙotar gatari, sai ya amsa kamar ganga.

Ga shi kuwa damina a bakin Kogin Kwara ba ta jiran ta Kano. Tun watan Maris hadari ke haɗowa, ruwan fari kuma da guguwa yake tafe. Ƙasa in ta jiƙe ba ta riƙe saiwar da ta raunana. A ƙarƙashin rassan akwai rumfa shida da masu tallan abinci.

Amma baƙo ba ya sare itace a ƙasar wani da ka. Sai da ya tafi wurin mai filin, wani Ibo tsohon amininsa, suka sanar da shugabannin layi, sa'an nan aka kira masu zarto. Ranar Lahadi suka zo, da yake ba a cin kasuwa. Suka ɗaure rassa da igiya, suka sauke su ɗaya bayan ɗaya.

Da gindin ya faɗi, sai ga kogo wanda yaro zai iya shiga ya zauna. Dattijo ya daɗe yana dubansa, bai ce uffan ba. Daga bisani ya sa aka ɗauke tabarmar salla aka mayar jikin bango.