Akuyar Uwargida da Sabon Dekodar

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye cikin ƙasar Tasawa. Kullum ni ke koya wa mutane lissafi. Yau kuwa zan ba ku labarin ranar da ni kaina na manta da lissafi, har akuyar matata ta bar gida.

Tsohona yakan ba mu labarin tele ta farko da ya gani. Zamanin Seyni Kountché ne, wanda ya riƙe ƙasa daga 1974 zuwa 1987. Lokacin gwamnati ta rarraba tele cikin garuruwa, masu aiki da hasken rana, don jama'a su taru su kalla tare. Ya ce tafiyar ƙasa sukan yi zuwa babban gari, su zauna bisa rairayi, tasha guda tak, Télé Sahel. Ba mai biyan ko dala. Tele a ƙasarmu ma da karatu ta soma, don a 1964 anka fara koyar da ƴan lakkwal da ita.

Mu kuwa tele ta shigo gidanmu a 2018. Ƙanena ya kawo ta daga cin rani, tare da parabol da ƙaramin dekodar. Ga wanda bai sani ba, dekodar shi ne ɗan akwatin da ke zama kusa da tele. Hoto yana saukowa daga tauraron ɗan Adam da ke sama, nisan wajen kilomita 36.000. Parabol ta tare shi, waya ta kai shi ga akwatin, akwatin ya warware shi ya miƙa wa tele. Ba mu da kuran a ƙauyenmu. Allon hasken rana guda da batir guda su ke riƙe da mu.

Wancan akwati na kyauta ne. Ka saye shi sau ɗaya, shi ke nan. Da shi muke ganin labarun ƙasa, da wa'azi, da wasan kwaikwayo na Hausa, irin na Arewa24 da ta soma aiki a 2014. Da shi kuma muke ganin kokowar takobin ƙasa, wadda anka soma a Tawa a 1975, shekarar da Kantu na Maraɗi ya ɗauke takobi. In lokacin kokowa ya yi, tsakar gidanmu ba masaka tsinke.

A watan Janairu na 2024 ana gasar ƙwallon Afirka a Kodebuwa. Ran wata Juma'a na tafi kasuwar Maraɗi sayen alli da littattafai. Na ratsa gaban wani kanti, na ga tele ƙatuwa, ana nuna ƙwallo. Wallahi har zufar ɗan wasa kana gani. Na tsaya baki buɗe. Mai kanti ya fito ya ce:

"Malam, shigo mana. Wanga sabon dekodar ne. Naka na gida ya tsufa."

Ya lissafa mini abu huɗu. Na ɗaya, hoto tangaran, wanda suke kira HD. Na biyu, kana iya tsaida wasa ka tafi ka dawo, ko ka ɗauke shi ka ajiye. Na uku, kana iya sake kallon abin da ya wuce, har bisa wayarka ta hannu. Na huɗu, tashoshi sun fi 200, da ƙwallon Ingila da Faransa da Spaniya.

Ya ce akwatin da parabol ɗinsa jika 10 kawai, don ana rangwame. Mai ɗaurawa jika 5. Sai kuɗɗin wata, wanda ake kira abonma. Tashoshin an ɗaure su dami-dami kamar hatsi. Ƙaramin dami jika 5, na tsakiya jika 10, wanda ke da manyan wasanni jika 20. Ya ce: "Mutum irinka, malami guda, ai ba ka shiga ƙarami."

Wagga magana ita ta kada ni. Ban tambayi komi ba. Na koma gida da zancen cikin raina.

Aljihuna jika 25 ke ciki. Abin da nake so kuwa jika 55 ne, wato akwati da ɗauri da abonma na wata 2. Uwargida tana da jar akuya, irin tamu ta Maraɗi mai yawan haihuwar tagwaye, kuma tana da ciki. Da dare na ce ta ara mini ita, in mayar mata da wata bayan kaka. Ta yi shiru, sannan ta ce:

"Malam, tele ɗin da muke da ita mi ta yi?"

Na ce ba ta gane ba ne. Ta ce: "To, kai ne mai karatu." Da safe maƙwabcina ya saye akuyar jika 30.

Makon farko an sha daɗi, ba zan ɓoye ba. Samari sunka cika gida. Ran 11 ga Fabrairu munka ga Kodebuwa ta ci Najeriya 2 da 1 ta ɗauke kofi. Kowa yana cewa malam ya yi abin kai. Ni ma ina jin kaina.

Sannu a hankali abu huɗun nan sunka fara nuna halinsu, ɗaya bayan ɗaya.

Hoto tangaran dai ban gan shi yadda na gani a kanti ba. Na kira mai ɗaurawa. Ya ce tele ɗin kanti babba ce, tawa kuwa ƙarama. Kuma ya haɗa tawa da tsohuwar waya mai kai uku, ja da fari da rawaya, wadda ba ta ɗaukar HD. Sai an sayi wata waya da ake kira HDMI. Na saya. Hoto ya ɗan gyaru ga wanda ke gaba. Amma wanda ke zaune can baya kusa da rumbu bai ga bambanci ba. Kuma ba kowace tasha ce ke aiko hotonta da HD ba.

Tsaida wasa da ɗauka kuma suna bukatar ma'ajiya da ake soka wa akwatin, ita ma saye ake. Ƙanena ya aiko mini da ita. Wanga kam na ga amfaninsa. Magariba ta yi ana tsakiyar wasa, sai mu tsaida, mu yi salla cikin natsuwa, mu dawo mu ci gaba. Amma in kana son ya ɗauki shiri kana gona ko kana barci, dole ka bar shi kunne. Batir kuwa ba ya yafewa. Abin da ka ci da rana, da dare za ka biya shi.

Sake kallo bisa waya intanet yake so. Mu a ƙauyenmu sai ka hau tudun bayan gari kake samun layi sosai. Kuma kuɗɗin intanet daban ne, ba ya cikin abonma. Ban taɓa amfani da shi ba ko sau ɗaya, amma kowane wata yana cikin abin da nake biya.

Saura tashoshi 200. Wata rana tsohona ya karɓi madanni yana ta juyawa, tasha bayan tasha. Kusan duka Faransanci. Da ya gaji ya miƙo mini ya ce: "Ɗana, mai da mu inda ake maganar da muke ji."

A nan na tuna ni malamin lissafi ne. Na ɗauki littafi na ja layi 30. Kowane dare in rubuta tashar da munka kalla da awar da tele ta yi tana aiki. Da wata ya cika na duba. Tashoshi 6 munka kalla. Cikinsu 4 muna samun su kyauta da tsohon akwati. Batir kuwa awa 3 yake ba mu a dare, in hazo bai rufe allon ba. Awa 3 sau 30, awa 90 ke nan. Ka raba 20.000 F gida 90, kowace awa ta tashi fiye da dala 44. Ran da hazo ya kashe batir, kwanan abonma bai tsaya jiranmu ba. Ran da anka yi rasuwa gidan mai gari munka kwana uku ba mu kunna ba, su ma an lissafa.

Na kai lissafin aji. Ban ce nawa ne ba, amma kowa ya sani. Na rubuta bisa allo: jika 20 sau wata 12. Sunka yi ta ƙoƙari, har wata tsohuwa ta ce jika 240. Daidai ne. Na ce lokacin buhun hatsi jika 30 a kasuwarmu, buhu nawa za a samu? Sunka ce 8. Buhu guda tiya 40 ne, wato tiya 320. Gidan da ke cin tiya guda a yini, abincin kwana 320 ke nan. Aji ya yi tsit.

Sai wani Bafillace da ke karatu wurinmu ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, wannan akwati wace irin dabba ce? Kowane wata tana ci, ba ta haihuwa, ba ta ba da nono." Anka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma tawa ta baki ce.

A nan na gane dalilin arahar akwatin. Ba a akwatin suke neman riba ba, a abonma ne. Kuma akwatin abonma na kamfanin da ya sayar maka ne kaɗai, ba ka kai shi ga wani. Ran da kuɗɗinka sunka ƙare, tashoshin biya su rufe. Wanga ba zamba ba ne, kasuwanci ne, kuma ba a ɓoye mini ba. Ni ne ban tambaya ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kada ku ce na ce babban dami ba shi da amfani ga kowa. A babban garin da ke kusa da mu akwai wani saurayi mai gidan kallo. Shi ma jika 20 yake biya. Yana karɓar dala 20 ga kowane mai shiga. In mutum 200 sunka shiga cikin wata, abonma ya fita. Daren babban wasan Ingila kuwa rumfarsa cika take. Shi dabbarsa tana haihuwa. A gare shi hoto tangaran ma dole ne, don tele ɗinsa babba ce kuma mutane biya suke. Haka ma ma'aikacin birni mai kuran da intanet da albashi, wanda ɗiyansa ke jin Faransanci. Ɗiyata ma da ke lakkwal ta ƙaru da shirin namun daji, ta koyi kalmomi da yawa. Ban raina wannan ba. Sai dai shirin yana cikin ƙaramin dami na jika 5.

In da masu ƙera akwatunan ga za su tambaye mu mutanen karkara, gyaran da muke so daban ne. Muna son akwati mai ƙarancin cin batir, wanda ƙura da zafi ba sa kashewa. Muna son rubutun da ke bisa tele ya zama da Hausa da sauran harsunanmu, don wanda ya gama yaƙi da jahilci ya karanta da kansa. Ai a 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Muna son a bar mutum ya zaɓi tashoshi 10 da yake so ya biya kuɗɗinsu, maimakon 200 da ba ya ji. Muna son biyan yini, yadda ake sayen sukari kaɗan-kaɗan, don manomi da damana barci yake tun isha'i, kuma in hadari ya taso hoton parabol yankewa yake. Muna son labarin ruwan sama da kuɗɗin hatsi da wake da bisashe a kasuwanni. In akwati ya kawo waɗanga, to, ƙarin kuɗɗi yana da hujja, kuma za mu biya da daɗin rai.

Kai ɗan'uwa da ke shirin saye, ka yi tambaya biyar kafin ka kwance lalita. Nawa zan biya a shekara, ba a wata ba? Tele ɗina tana iya nuna abin da ake yabo? Akwai wani abu da sai na saya daban? Tasha nawa ke magana da harshen gidana? In na daina biya, mi zai saura? Ka rubuta amsa bisa takarda, ka tafi gida ka kwana, ka shawarci iyali. Karatun da ka yi ranarsa ke nan.

Ni dai da wata 2 sunka cika ban sake biya ba. Na sauko da tsohon akwati daga bisa rumbu na kakkaɓe shi. Sabon yana nan cikin kwali. Lokacin hutun ƴan lakkwal nakan sa masa jika 5 na wata guda don yara, sannan in mai da shi. Samarin da ke son ƙwallon Turai sun koma gidan kallo da dala 20 ɗinsu, kuma ba wanda ya yi fushi da ni.

Bayan kakar 2024 na sai da wake na saya wa uwargida wata akuya. Ta karɓa ta yi godiya, ba ta ƙara kalma ba. Amma tsohuwar akuyarta tagwaye ta haifa gidan maƙwabci, kuma danga guda ke tsakaninmu. Kowace safiya muna jin kukansu. In sunka yi, takan ɗago kai daga turmi ta dube ni, ni kuwa in ɗauki allina in nufi aji.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mana bisashenmu. Ku huta lafiya.

Ɗan'uwanku, malamin yaƙi da jahilci, ƙasar Tasawa.