Strasbur, inda dokar 1905 ba ta shiga ba

Daga Paris zuwa Strasbur a jirgin ƙasa mai gudu bai cika awa biyu ba, amma da na sauka sai na tarar da wata Faransa daban. Abin da muka sani shi ne tun 1905 gwamnati ba ta biyan malaman addini albashi. A nan kuwa ita ke biyan limaman Katolika, fastocin Furotesta da malaman Yahudawa.

Lokacin da aka kafa waccan doka, yankin Alsas da Mozel na hannun Jamus tun 1871. Da ya dawo wa Faransa a 1918, sai aka bar masa tsarin zamanin Napoleon, wanda babu Musulunci a cikinsa.

Ranar Juma'a na yi salla a babban masallacin garin, mai ƙubbar jan ƙarfe, a bakin kogin Ill. An buɗe shi a 2012, kuma hukumomin gari da na yanki sun sa kuɗi a gininsa, abin da doka ta hana a Paris. Sai dai limaminsa ba ya cikin masu karɓar albashin gwamnati.

Mai shirin kawo iyalinsa nan ya sani: makarantun gwamnati na koyar da darasin addini, amma na waɗancan addinai kawai. Dokar 2004 da ta hana ɗalibai mata sa hijabi a makaranta kuwa, ita ta shigo har nan.