Inna da Awakinta

Ku 'yan makaranta, da yawa daga cikinku in kun bincika, za ku tarar akwai akuyar wata tsohuwa a cikin kuɗin littafinku na fari. Mu dai haka namu ya ke. Tsohuwar kuwa ita ce mahaifiyarmu, wadda mu ke kira Inna, Allah ya jiƙanta.

A wani ƙauye na ƙasar Sakkwato ta yi zaman aurenta, ta haife mu mu shida. Jajayen awaki ta ke kiwo, irin waɗanda a zamanin da fatake kan ƙetare Hamada da fatunsu, har Turawa suka riƙa kiran jimar fatar Maroko, alhali kuwa daga nan ta fito. Kowace akuya da sunanta. Inna ba ta karya kumallo sai ta dama musu dusa da ƙasari, ta jefa 'yar kanwa, ta buɗe akurki, ta ajiye wa kyanwa nata a sakaina. Yaron da ya jefi kare a ƙofar gidanmu kuwa, ko ɗan wane ne, sai ya ji daga gare ta.

Inda muka san iyakar abin, shi ne farin 1973. Ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone, harawa ta zama sai mai hali. Mahaifinmu ya ce a kai awakin kasuwa tun da sauran nama a jikinsu, kuma maganarsa a kan hanya ta ke, gama bakuna takwas ya ke ciyarwa. Inna ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yi mini haƙuri. Wanda ya sha nononsu ran wadata, da wane ido zai ja su kasuwa ran yunwa?" Sai ta kwashe tasoshin jerenta na aure ta sayar, ta sayi dusa. Kullum da asuba ta kan tasa mu gaba zuwa gindin gawo, itacen nan da ke kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, mu tsinto 'ya'yansa cikin kwando. Cikin awaki 11, bakwai suka ga damina. Jikokinsu ne suka kai mu makaranta.

A 1983 ciwon bushiya ya auka wa shanu a ƙasar nan. Yau an rabu da shi, don tun 2011 aka ba da shelar an kawar da shi daga duniya, amma a lokacin garke guda ya kan share. Bafillatanar da ke kawo mana nono ta zo da ƙwarya wayam, ta zauna a tsakar gida ta kasa magana. Inna ba ta tambaye ta kome ba. Ta kwance 'yan awaki biyu daga turke, ta miƙa mata igiya.

Da Allah ya karɓi abinsa, aka raba gado, wata tsohuwar akuya mai karyayyen ƙaho ta faɗo cikin rabon Malam. Mahauta sun taya har sau uku, ya hana. Mutumin da shekara hamsin bai taɓa sa hannu cikin dusa ba, sai ga shi kowace safiya tsugune a bakin turke da ƙwaryar Inna, yana dama, yana kiran akuyar da sunan da ta sa mata.